Yadda ake haɗa ganyen shayi mai kyau ba tare da an kashe shi da tafasa ba

Yawancin ganyen shayi mai tsada da ke shigowa gidajenmu tsaraba ce. Ko ɗan kasuwa ya je Gwanzu a Chaina sarin kaya abokin cinikinsa ya miƙo masa gwangwani mai kyau da rubutun da babu mai iya karantawa, ko Alhaji ya dawo da kwali daga Makka, ko wani ya biyo ta Nairobi. Kuma ƙarshensa kusan ɗaya ne, a juye a tukunya a watsa citta da kanumfari a barshi yana ta ɓararraka minti 20, a sauke a kurɓa a yamutsa fuska ace kai wannan ai magani ne, shikenan gwangwani ya koma saman kabad sai ƙura. To ba laifin ganyen bane. Irin wannan ganyen ba dafa shi ake ba, jiƙa shi ake da ruwan zafi, kuma zafin ruwan da mintunan da ya yi a ciki su ne kusan duka aikin.

Da farko san abinda ke hannunka

Shayin gaskiya duk bishiya ɗaya ce, masana na kiranta Camellia sinensis, kore ne ko baƙi ko wanne iri. Bambancin daga sarrafawa yake. Kaga yadda goro ke canza kala in ka gatsa ka ajiye sauran, iska ta taɓa shi ya yi duhu? Haka ganyen shayi yake in an murza shi an barshi. Masu yin koren shayi suna hana wannan canjin ta hanyar ba ganyen zafi da wuri bayan an tsinko, mutanen Chaina galibi su gasa a kasko, mutanen Japan su turara da tururi. Masu yin baƙi kuma su bari ya yi yaushi, su murza, su barshi ya rine gaba ɗaya sannan su busar. Wanda ake kira Oolong yana tsakiya, an bari ya fara rinewa aka tsayar. Akwai fari, wanda yaushi kawai ake bari ya yi a busar, sai kuma Pu'er na lardin Yunnan a Chaina da ake dannewa ya zama fai-fai a ajiye shekaru.

In baka iya karanta kwalin ba, zuba kaɗan a farin faranti ka duba da kyau. In kore ne a baje, sumul kamar an goge shi, da alama Longjing ne na yankin Hangzhou a Chaina, kuma wanda aka tsinko kafin farkon Afrilu shi ne mafi tsada. In siriri ne tsinke-tsinke, kore shar mai duhu yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, sencha ne na Japan. In a dunƙule yake kore, manya-manya ba daidai ba, da ƙamshin fure, to Tieguanyin ne, Oolong ɗin garin Anxi a lardin Fujian, kuma shi ne sau da yawa ake ba baƙo kyauta a Chaina. In baƙi ne a murɗe da ɗan ratsin ruwan zinare nan da can, ko Assam ne na Indiya ko baƙin Yunnan. In kuwa ƙwayoyi ne ƙanana masu tauri duk girmansu ɗaya, wannan CTC ake ce masa, inji ne ke niƙawa ya yaga ya dunƙule, an ƙirƙiro hanyar a Assam wajajen 1930, kuma mafi yawan shayin Kenya da ake gwanjonsa a Mombasa haka ake yinsa. Ba raini bane, shi an yi shi ne don ya ba da kala da ƙarfi nan take ya kuma ɗauki madara, shi yasa mai shayi ke sonsa.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Ƙaramar butar tangaran ko ta gilashi, in babu ma kofi biyu da mataci sun wadatar, sai cokali da agogon wayarka. Abu ɗaya dai, tukunyar da za ka tafasa ruwan kada ta zama wadda ake miya ko ɗumame a ciki, ko an wanke ta da omo sau goma ƙamshin daddawa da manja sai ya fito a kofin. Ware ketil ɗaya na ruwa zalla. Sannan wannan ɗan ƙwallon ƙarfen mai huji-huji da ake cusa ganye a ciki a rataya a kofi, ni dai bana ba da shawararsa, ganye mai kyau buɗewa yake ya ninka girmansa sau da yawa, in ka matse shi a ciki rabinsa ko jiƙa ba zai yi sosai ba. Barshi ya wataya a ruwan ka tace daga baya.

Ruwa

Kofin shayi kusan duka ruwa ne, saboda haka in ruwan yana da matsala an gama. Ruwan rijiya ko bohol mai zartsi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki kuma yake barin farin ɓawo a gindin ketil, yana dusashe ƙamshi ya sa wani ɗan yaɗi-yaɗi ya taso saman kofin. Ruwan famfo mai warin maganin tace ruwa shima haka. Ka ɗanɗana ruwan da sanyinsa tukuna, in ka ji wani ɗanɗano ko wari to nemi na gora ko fiya wata mai kyau wanda bai kwana a rana yana warin leda ba. Kuma sabo za ka tafasa, ba na filas ɗin jiya ba. In a gawayi kake tafasawa rufe ketil ɗin sosai don hayaƙi.

Awo

Ma'aunin da za ka fara da shi: giram 2 zuwa 3 na ganye ga ruwa mililita 200, wato matsakaicin kofi ɗaya. In da ledar fiya wata mai rabin lita kake lissafi, giram 5 zuwa 7 kenan. Cokali yana yaudara fa, don ganyen da aka dunƙule yana da nauyi, cokalin shayi ɗaya ma ya isa kofi, amma farin shayi ko wani mai manyan ganye ba nauyi gare shi ba, sai ka tula cokali biyu ko fiye kafin ka kai giram 2. Wanda ya ɗauki abin da gaske ya sayi ɗan ƙaramin sikelin nan mai batir irin na masu gwal, ba shi da wata tsada, kuma daga ranar zai daina yin shayi yau daɗi gobe akasi.

Zafin ruwa, nan ne ake yawan yin ɓarna

Dalilin a sauƙaƙe shi ne, a cikin ganyen akwai sinadaran da ke kawo ɗaci da bauri, akwai kuma masu kawo zaƙi-zaƙi da gardi. Masu daɗin nan suna fitowa ko a ruwan da bai yi zafi can ba, su kuwa masu ɗacin sai ruwa ya yi zafi sosai suke kwararowa da gudu. Koren shayi yana cike da masu ɗacin tunda ba a bari sun rine ba, shi yasa tafasasshen ruwa ke mai da shi maɗaci. Baƙi kuwa ya riga ya canza, yana buƙatar zafi sosai kafin ya saki abinda ke cikinsa.

Saboda haka baƙin shayi na Assam, Kenya, Sirilanka, da Pu'er, ruwa yana tafasa ka sauke ka zuba, digiri 95 zuwa 100. Oolong 85 zuwa 95. Darjeeling na tsinkar farko, wanda ake girba a Maris da Afrilu a duwatsun arewa maso gabashin Indiya, duk da ana lissafa shi cikin baƙi yana da laushi, 85 zuwa 90 ya ishe shi. Koren Chaina 75 zuwa 80. Sencha ma ƙasa da haka, wajen 70.

Za ka ce ina zan samu abin auna zafi. Ba sai da shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce sirkawa: kofi 3 na tafasasshen ruwa da kofi 1 na ruwan da ke ajiye a ɗaki, ba na firji ba ba na randa mai sanyi ba, zai baka kusan digiri 80. Kofi 2 da kofi 1 kuma zai sauko ƙasa da haka kaɗan, kana juyawa a buta ya ƙara hucewa, ya yi daidai da sencha. Wasu cewa suke a buɗe murfi a jira minti kaza, amma wannan ya danganta da lokaci, hucewar ruwa a hunturu da iska ke kaɗawa ba ɗaya bane da watan Afrilu a Sakkwato. Sirkawar ta fi tabbas. Kuma ruwan sirkin ya zama mai tsafta na sha, tunda ba tafasa shi za a yi ba.

Kafin ka sa ganye, zuba ruwan zafi a butar da kofunan ka girgiza ka zubar, don kada sanyin tangaran ya sace zafin. Yanzu sa busasshen ganyen a cikin butar mai ɗumi, rufe daƙiƙa 10, buɗe ka kai hanci. Wallahi a nan ne da yawa suke fara gane me suka riƙe a gida, don ƙamshin da ke tashi a lokacin wani ma ya fi na kofin.

Lokaci

Zuba ruwan, rufe, danna agogo. Kada ka ce za ka ƙiyasta da ka, hira ɗaya za a ja ka minti 7 ya wuce. Sencha minti 1. Koren Chaina minti 1 da rabi zuwa 2. Oolong 2 zuwa 3. Baƙi mai cikakken ganye 3 zuwa 4, mai ƙwayoyin nan na CTC 2 zuwa 3 don shi da sauri yake saki. Fari 4 ko sama da haka.

Lokaci na cika ka tsiyaye duka, har ɗigon ƙarshe, kada ka bar ruwa kwance akan ganyen da sunan za a ƙara an jima, wannan ragowar ce ke ci gaba da jiƙuwa ta ɓata zagaye na gaba. In mutum biyu ko uku za ka zuba wa, juye shi duka a jug ɗaya tukuna sannan ka raba, in ba haka ba na farko ya samu tsararo na ƙarshe ya samu mai kauri. Kuma in ƙarfi kake so, ganye za ka ƙara ba mintuna ba, ƙarin mintuna ɗaci kawai yake ƙarawa.

Kada ka zubar da ganyen. Kore mai kyau yana ba da zagaye 2 ko 3, Oolong da Pu'er sun fi haka nesa, kana ɗan ƙara lokaci a kowane zagaye. Tieguanyin ma sai a na biyu yake buɗewa sosai. Amma a zama ɗaya ko wuni ɗaya, kada jiƙaƙƙen ganye ya kwana a zafin nan namu ka ce za ka mora gobe.

Ɗanɗanawa

Kofin farko ba suga ba madara, dan Allah ko sau ɗaya ne. Kuma ba bayan ka ci goro ko tsire mai yaji ko ka goge baki da makilin ba, kurkure baki da ruwa ka ɗan jira. Yi amfani da kofin da cikinsa fari ne don ka ga kala: kore mai kyau ruwansa garau yake, tsakanin kore-kore da rawaya, baƙi mai kyau ja ne mai haske ba baƙi ƙirin ba. Shinshina. Bari ya ɗan huce don harshen da ya ƙone ba ya jin komai. Sai ka zuƙa da ƙarfi har da ƙara, irin zuƙar da iyaye ke hana yara a gaban baƙi, masu sana'ar ɗanɗana shayi haka suke yi da cokali don iska ta watsa ruwan ko'ina a baki ƙamshin ya hau ta hanci.

Sannan ka raba abubuwan da kake ji, don mutane na haɗa su wuri ɗaya su ce ɗaci. Ɗaci daban, a can bayan harshe kake jinsa. Bauri daban, shi ne baki ya bushe harshe ya yi kaushi yana kama dasashi. Ɗan bauri kaɗan a baƙin shayi abin so ne, shi ke sa ka ji ka wartsake, in ya yi yawa ne matsala. Sai kauri, ruwan yana da jiki a baki ko kuwa salam yake. Sai abinda ya rage bayan ka haɗiye, kuma ni a ganina nan ake gane ganye na ƙwarai, ka haɗiye ka yi shiru ka fitar da numfashi ta hanci, mai kyau zai bar wani zaƙi-zaƙi a maƙogwaro na ɗan lokaci, mai arha kuwa yana wucewa ya wuce ko ya bar maka bushewar baki kawai. Longjing za ka ji gardi kamar na gasasshen abu, Tieguanyin fure, Assam nauyi da ɗan zaƙi mai duhu, Pu'er ɗin da aka riga aka nunar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wasu suna so wasu ko kusa.

In ganye biyu kake son gwadawa kafin ka saya da yawa, yi musu adalci: awo ɗaya, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya, kofi iri ɗaya, gefe da gefe. A kamfanoni akwai ƙa'idar da ake bi mai lamba ISO 3103, giram 2 ga mililita 100, tafasasshen ruwa, minti 6 cif ga baƙin shayi. Wannan ba don daɗi bane, matsa wa ganyen ake don duk aibinsa ya fito fili. Daga ƙarshe zazzage jiƙaƙƙen ganyen a faranti ka baje da yatsa, in ka ga cikakkun ganye da toho an yi maka gaskiya, in kuwa kara ne da gutsattsari da gari to kwalin ne kawai mai kyau.

In ya fito da ɗaci, rage zafi tukuna, in bai gyaru ba rage lokaci. In ya fito salam, ƙara ganye. In ba ƙamshi ko kaɗan, ko ruwan ne ko ganyen ya tsufa. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, in ka canza uku a tare ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Akwai kuma yadda mutanen kudancin Chaina ke yi, wanda duk wanda ya taɓa zama a shagon ɗan kasuwa a Gwanzu ko ya leƙa kasuwar shayi ta Fangcun ya gani: ɗan ƙaramin kwano mai murfi da ake kira gaiwan, ganye da yawa ruwa kaɗan, kamar giram 5 zuwa 7 ga mililita 100, a zuba ruwa a zubar da na farko nan take don ganyen ya farka, daga nan kowane zagaye daƙiƙa 10 zuwa 20 ana ƙarawa a hankali, ana sha a ƙananan finjali. Oolong da Pu'er a haka suka fi nuna kansu, kowane zagaye da nasa ɗanɗanon. Sai dai ka yi hankali da yatsu, kama bakin kwanon ake ba cikinsa ba.

To shayin Buzaye fa?

Na san wani zai ce ai mu a fada, wato majalisar hira, a Damagaram ko Yamai ko Agadas koren ganye muke tafasawa akan gawayi kuma ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, kuma wannan fanni ne mai zaman kansa da gwanayensa. Amma duba ganyen da ake yinsa da shi, ko Gunpowder ne mai lamba 3505 ko Chunmee irin su 41022 da 4011 da 9371, Chaina ke yinsu musamman don kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Arewa, ganye ne mai ƙarfi da ke jure wuta, kuma ana sane ake fito da ɗacin sannan a tare shi da suga mai yawa, a yi ta ɗagawa ana tsiyayawa daga buta zuwa finjali har kumfa ta tsaya, na farko mai ƙarfi, na biyu da na'a-na'a, na uku sassauƙa. Kowanne da muhallinsa. Sa Longjing a wannan butar asarar kuɗi ce, don abinda aka biya tsada dominsa shi wuta za ta fara kora. Amma ka gwada akasin haka wata rana, ɗauki Chunmee ɗin nan na fada ka ɗauraye shi da ruwan zafi daƙiƙa kaɗan ka zubar, sannan ka jiƙa a digiri 80 minti 2 ba suga, za ka ji wani ɗan tsami-tsami da ƙamshin hayaƙi da tafasa ke ɓoyewa.

Masu son madara, baƙi mai ƙarfi za ku nema, Assam ko Kenya ko namu na gida da ake nomawa a Kakara kan tsaunin Mambilla a jihar Taraba. Ku jiƙa shi ya yi ƙarfi tukuna ku tace sannan madara ta biyo baya kaɗan. Kore da Oolong da Darjeeling na tsinkar farko kuwa madara binne su take. Wani abu kuma, shayi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai ƙarancin jini ko mai juna biyu gara ta ba da tazara kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi, kuma kore ma yana hana barci, kada a ce don ba baƙi bane a sha shi ƙarfe 11 na dare.

Ajiya

Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. Kabad ɗin da ke da yaji da daddawa da kifi busasshe, ko ɗakin da ake turaren wuta kullum, sati biyu sun isa su canza masa ƙamshi in ba a rufe yake ruf ba. Sa shi a gwangwani mai murfi mai kamawa, wanda haske ba ya shiga, a wuri mafi sanyi a gidan nesa da murhu da taga, kwalbar gilashi a kan kanta kyan gani kawai gare ta. Cokalin da za ka ɗiba da shi ya zama busasshe, musamman da damina. Firji yana taimakon koren shayi in ledarsa ba a buɗe ba, amma da wutar nan tamu ta a kawo a ɗauke raɓa ce za ta riƙa taruwa a ciki, gara ka haƙura da shi. In ka buɗe kore ka shanye shi cikin wata 2 ko 3 tun yana da ransa, baƙi yana kai shekara ɗaya zuwa biyu in an rufe da kyau. Pu'er ne kaɗai ba a toshe shi gaba ɗaya, a takardarsa ake barinsa cikin kwali mai tsafta inda babu wari babu laima.